Wanda ke Bayan Falanki

Takalmina ɗaya ya riga ya faɗa kwata lokacin da na sha kwanar lungun masu walda a Oloumi, wata unguwa a Libreville, ban ko waiwaya ba. 'Yan sanda ne suka gitta mota a bakin titi suna abin da ake ce wa kontrol a can, wato duk baƙon da ba shi da katin zama a jefa shi bayan mota. Ni kuwa ko takardar asibiti ba ni da ita. Wani mai ƙaton ciki a cikinsu ya nuna ni da kulki ya yi magana da Faransanci, ni kuma na kwasa a guje.

Ranar Lahadi ce da la'asar, yawancin shaguna a rufe. Ƙofa ɗaya na gani a buɗe, ta kwano, da tarin garin katako a bakinta. Na faɗa ciki ko sallama babu.

Mutane ne 'yan kaɗan zaune a kan benci da kujerun da ba a gama haɗawa ba, kowa da littafi a cinya. Wani tsoho mai tabarau ɗaure da waya ya dube ni, ya dubi ƙafata. Bai tambaye ni komai ba. Ya jawo rigata ya zaunar da ni tsakaninsa da wata mata mai jiki, ya sa ƙafa ya tura ɗaya takalmin ƙarƙashin benci, ya ɗora mini littafi a hannu.

"Sunkuyar da kai," ya ce, da Hausa.

Matar ta ɗauko waƙar coci da ƙarfi, sauran suka amsa. Ina jin ɗan sandan ya iso bakin ƙofa yana haki. Tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce wani abu da Faransanci, ɗan sandan kuma ya cire hula ya ɗan tsaya, sannan ya juya. Daga baya na ji ashe tsohon ne ya yi wa uwar ɗan sandan akwatin gawa, shi ya sa ba ya iya ɗaga masa murya.

Abin dariyar shi ne, da ma nan nake nema tun rana. Na yi ta yawo a lungunan ina tambayar shagon tsohon kafinta, kowa ya nuna mini wani wajen, sai da kulki ya biyo ni na same shi.

Mu mutanen wani ƙauye ne kudu da Katsina, Kiristoci tun zamanin babanmu, wanda ya rasu ina ƙarami. Mu biyu ne maza, Yaya ɗan fari, ni auta. Yaya ya gama firamaren mishan, shi ke karanta Littafi a coci ranar Lahadi, shi ke riƙe garmar shanu ran Litinin. Ni a aji huɗu na ajiye, zaman benci ba nawa ba ne. Na yi yaron mota, na yi faci, na sayar da rake a tasha, ba wanda na shekara a kansa.

Da kuɗin mai ya buɗe a Gabon, aka ce ana gine-gine kamar ba gobe, ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ana neman masu ƙarfi a tashar jirgin ruwa. Yaya ya bi masu tafiya. Shekarar farko ya aiko da atamfa da rediyo. Daga nan shiru. Can sai wani mutumin ƙauyen kusa da mu ya dawo, ya zo har gida ya durƙusa ya ce da idonsa ya gani, a tashar jirgin ruwa ta Owendo, sarƙa ta tsinke gungumen itace ya faɗo wa Yaya, aka ɗauke shi a lulluɓe ba ya motsi.

Kawunanmu suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Inna ta ƙi zama. Ta ɗauki fartanya ta tafi gona ranar, mutane suna shigowa tana fita. Mata suka yi ta magana, wai kunyar ɗan fari ce ta yi mata yawa. Gaskiya ne, tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, kakarmu ce ma ta goya shi. Amma ni da ke cikin gidan na ga abin da ba su gani ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ta sa an yi wa ɗakinsa sabuwar baibaya, nata kuwa yana yoyo ta tara kwano.

Ranar da na ce mata ni ma zan tafi, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "In ka je ka dubo mini mutumin nan. In kabari ne ma, ka gani da idonka."

A cikin jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Kalaba wani ɗan surutu ya ce mini in na kuskura na ce ni ɗan coci ne, ba Bahaushen da zai ba ni wajen kwana a Libreville. Na yarda da shi. Da aka kai ni wajen wani Alhaji Bakano mai shago a unguwar Sotega, wanda ke sauke baƙi a ɗakin bayan shagonsa, sai na yi shiru da bakina. In an kira salla in ɗauki buta in bi sahun baya, in sun duƙa in duƙa, in sun tashi in tashi. Da rana ina jido masa kaya, in na samu sarari in tafi Owendo in yi ta tambayar direbobin Nijar masu jigilar katako.

Mutanen nan sun yi mini ƙoƙari. Suka ce a garin nan duk Musulmin da ya mutu su ke masa wanka, su ke binne shi, ba wanda ke ɓace musu. Suka yi ta tuna matattunsu ɗaya bayan ɗaya, wannan ɗan Maraɗi ne, wancan ɗan Haɗeja ne, ba mai zanen fuska irin nawa. Suka tambayi limamai, suka aika har sansanin masu aikin hanyar jirgi. Ba a samu kabarinsa ba, shi ma ba a same shi ba. Watanni muka yi a haka.

Ran Lahadin nan da safe Alhaji ya kira ni yana auna sukari. Ya ce tun ranar da na zo yake kallona ina wanke ƙafa kafin fuska, ya zuba mini ido ya ga ranar da zan gaji, ban gaji ba. Ya ce shi tuwonsa ba ya tambayar addini. Sai kuma ya ajiye mudun, kamar wanda abu ya faɗo wa yanzu.

"Tsaya. Yayan naka ma ɗan coci ne?"

Na ce e.

"Kai amma an yi sakarai. Ka sa dattawa suna ta laluben sahun masallaci suna neman wanda bai taɓa shiga ba."

Shi ya ce in je Oloumi, akwai wani tsohon kafinta mutumin Zariya, 'yan cocin da ke jin Hausa a wajensa suke taruwa ran Lahadi, in nasu ya mutu shi ke binnewa. To ka ji abin da ya kai ni. Kabari na je tambaya.

Da ɗan sandan ya tafi, aka saki waƙar a tsakiya, kowa ya fashe da dariya. Matar nan, wadda suke kira Mama, 'yar Jos ce mai sayar da abinci a bakin gareji, ta miƙo mini ruwa ta ce irin gudun da na shigo da shi ko akuya aka biyo sai haka. Wani direba mai yankakken kunne ya ce ai Ubangiji da kulki yake koro wasu tumakin. Tsohon, Baba suke ce masa, ya tambaye ni ɗan wane gari.

Na faɗi garinmu. Na faɗi sunan babanmu, na faɗi abin da ya kawo ni, duk a numfashi ɗaya.

Dariyar ta ɗauke. Mama ta dubi ƙarshen shagon, inda aka jera falanki aka raba wani ɗan ɗaki, aka rataya buhu a ƙofarsa, sai ta yi maza ta mayar da idonta kan littafinta. Ni na ɗauka kallon tausayi ne, na ce a raina shi ke nan, sun san kabarin.

Baba ya ce za mu yi magana, amma a nan in an buɗe Littafi ba a rufewa sai an gama. Ya ce bari ya ɗauko tabarau, alhali ga shi a hancinsa, ya shige bayan buhun. Na ji ana ƙus-ƙus. Ya ɗan jima ya fito fuskarsa a ɗaure, ya ce mai karanta musu yau ba ya jin daɗi, ya kwanta. Ya buɗe can farkon Littafin ya faɗi inda za a duba. Direban ya ce ai ba nan aka tsaya makon jiya ba. Baba ya ce yau nan aka tsaya.

Labarin yaron nan ne da 'yan'uwansa suka sayar, suka kai wa tsohonsu rigarsa jina-jina, tsohon ya yi ta kuka, yaron kuwa ya je ya zama babban mutum a ƙasar wasu. Na san shi tun ina ƙarami. Ni dai so nake a gama. Baba ya bi labarin da baki, a hankali kamar yana goge katako, sannan ya ɗaga murya fiye da yadda ɗan shagon ke bukata ya ce tambaya gare shi. Mutumin nan ya samu mulki, ga dawakai, ga manzanni, shekaru suna wucewa. Me ya hana shi aika wa tsohonsa ko da mutum ɗaya ya ce ina raye?

Direban ya ce wataƙila shi ma ba shi da kati ne, yana tsoron kontrol a kan iyaka. Aka ɗan yi dariya. Wani siriri mai aikin lantarki ya ce shirin Allah ne, in lokaci bai yi ba ba a aikawa. Mama ta ce a bar ɗora wa Allah taurin kan maza, ita in ɗanta ya yi mata haka, ranar da ta gan shi da muciya za ta fara gaishe shi kafin ta rungume shi. Baba ya ce shi yana ganin mutumin ya lissafa ne cewa na gida sun gama kukansu, sun warke, in ya ɓullo sai ya tayar musu da ciwo. Ko kuma ya dubi kansa ya ga ba shi ne wanda ya bar gida ba, ya ji kunyar a gan shi yadda ya koma. Ya juyo ya ce baƙo fa, me ya gani?

Ban yi niyyar magana ba. Sai na ji bakina yana cewa duk wanda ya yi wannan lissafin bai san na gida ba. Na ce ba a gama kukan, ɓoye shi ake yi. Na ba su labarin Inna, da tabarmin da ta ƙi zama a kai, da baibayar da ake yi wa ɗakin da ba kowa a ciki, da yadda in mota ta tsaya a bakin hanya take sakin taɓarya ta yi kamar za ta duba kaji. Na ce ni ba malami ba ne, amma da na ga mutumin labarin nan da na tambaye shi wa ya aike shi ya yanke wa tsohonsa hukunci.

Mama tana share hanci da bakin zane.

Baba ya ce to, tun da mai karatu ba shi da lafiya, baƙo ya karanta mana. Ya nuna mini inda mutumin ya kori kowa daga ɗaki ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Na ce karatuna ba shi da kyau. Ya ce haka nan.

Na fara. Ni in ina karatu gudu nake, kamar ana bi na, ba na sa yatsa, ba na tsayawa inda ake tsayawa. Ga zafi, ga zufa na ɗiga a kan takarda, ga kabari a raina. Na yi tuntuɓe nan, na haɗiye kalma can, na ci gaba.

"Ka tsallake layi."

Daga bayan falanki maganar ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya yi ta riƙewa ta kuɓuce masa.

Na tsaya.

"Koma baya. Sa yatsa."

Shekaru nawa na yi ina jin kalmomin nan a zauren gidanmu, ni a durƙushe gaban fitila da littafin makaranta, shi a tsaye a kaina da ranƙwashi a shirye. Yaya yana iya haƙuri da yunwa, yana iya haƙuri da zagi, amma a ɓata karatu a gabansa ba ya iyawa. Ko fasto ne ya tsallake layi sai ka ji ya yi gyaran murya.

Ban san yadda na tsallake benci ba. Na yaye buhun.

Yana zaune a kan wani ɗan gado, kewaye da kujerun da yake saƙa wa mazauni da igiya. Ya tara gemu, kafaɗun nan da ke tura garma sun zube. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take daga gwiwa an soke ta da fil. Ga sanduna biyu a jingine da bango. Da ya ga inda idona ya je sai ya jawo wani tsumma ya rufe wajen.

Muka kalli juna. Ya ce, "Inna na nan?"

Na ce tana nan.

Daga nan ban san abin yi ba. Mu ba a saba mana da rungume-rungume ba, kuma yayana ne. Sai kawai na durƙusa yadda na saba na ce Yaya ina wuni. Ya ce lafiya lau. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Auta, ina takalmanka?"

Nan ne abin ya ɓalle mini. Dariya nake, kuka nake, na kifa kai a bakin gadon, shi kuma ya ɗora mini hannu a ƙeya yana cewa ya isa, mutane na ji. A waje na ji siririn nan yana cewa ba a yi addu'ar rufewa ba, Mama ta ce ya rufe nasa bakin tukuna.

Sai da na nutsu ya ba ni labari, a gajarce, yana kallon igiyar hannunsa. Gungumen ƙafa ya samu. Ya farka a asibiti ya tarar an yanke. Baba ne ya je yi wa marasa lafiya addu'a ya tsinto shi, ya sassaƙa masa sanduna, ya koya masa saƙar kujera. Can wani ya zo daga gida ya ce masa ai an yi zaman makokinka. Ya ce ya kwana yana tunani, ɗan farin da ba zai riƙe garma ba, sai dai a ciyar da shi, me zai je ya yi? Kuma Inna ba ta taɓa nuna masa komai ba, ya ɗauka ta yi haƙuri ta wuce wajen. Sai ya sa Baba da sauran suka yi masa alkawari ba za su faɗa wa kowa ba. Yau da ya hango ni ta tsagar falanki ya roƙi Baba ya ce mini an binne shi a daji.

Sannan ya tambaye ni ko da gaske ne zancen baibayar, ko na ƙara gishiri ne don a ji tausayina. Na ce har bana an yi, ni na hau na ɗaure. Ya juya fuska wajen bango, na fita na ba shi wuri.

Mama ta riga ta buɗe kwanuka, rogon nan na mutanen Gabon da ake naɗewa a ganye da miyar busasshen kifi. Baba yana wanke hannu ya ce kowa shaida ne, shi bai karya alkawari ba, bakinsa bai faɗi komai ba, ƙarya ce kawai ya ƙi yi. Direban ya ce da ma shi tun da ya ji an ba ni karatu ya san an gama, don irin karatuna ko gawa sai ta tashi ta gyara. Na ci abinci ranar kamar ban taɓa ci ba. Yaya ya fito a kan sandunansa ya zauna kusa da ni, ya tura mini kan kifin.

Rigimar da ta rage ɗaya ce. Ya yarda a gaya wa Inna yana raye, amma ban da zancen ƙafa. Na ce ba zan iya ba, cewa ta yi in gani da idona, abin da na gani zan faɗa. Muka yi kwanaki muna ja. Alhaji da kansa ya zo Oloumi da goro da sukari ya gaishe shi, ya ji zancen, ya ce masa uwa gara ta ji daga nesa ta shirya, da ta gani a ƙofar gida ta yanke jiki. Yaya bai ce e ba, amma ya daina cewa a'a.

Akwai wani ɗan kasuwa da zai tafi Kano a makon. Inna ba ta karatu, don haka kaset ake aikawa. Direban nan ya kai mu Sotega, Alhaji ya kori masu sayayya, ya sa sabon batir a rikodarsa, ya ajiye a kan buhun shinkafa ya danna. Ga abin da na ce:

"Inna, ni ne auta, ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki ji sauran. Na ga Yaya. Ba labari aka ba ni ba, na taɓa shi, mun ci a kwano ɗaya. Yana raye, yana cikin hankalinsa, yana da sana'a, yana hannun mutanen kirki. Abu ɗaya ne ba zan ɓoye miki ba, icen da aka ce ya faɗo masa gaskiya ne, ya ɗauke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ya warke sarai, ba ya ciwo sai in an yi sanyi, yana tafiya da sanda, har ya fi ni sauri in ya yi fushi. Wanda ya kawo labarin nan bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, kada a riƙe shi. Ni ma lafiyata ƙalau, ana nema mini takarda, da ta fito za mu kama hanya tare, in Allah ya yarda kafin kaka. Ki riƙa cin abinci. Yana nan zaune kusa da ni yanzu haka, na ce ya yi magana ya ce kunyarki yake ji, sai a kaset na gaba. Amma in kin kasa kunne, wannan jan hancin da kike ji ba nawa ba ne."